Na'urar gano ƙarfe: yadda ake gane lalacewar makunni da yadda ake gyara shi

Na'urar gano ƙarfe ta hannu ta shigo rayuwar ƴan Nijar ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce ta masu neman zinariya, mai doguwar sanda da faifai a ƙarshenta, wadda ta bazu tun watan Afrilun 2014 da labarin zinariyar Jado ya watsu, kafin na Tchibarakaten, kusa da iyakar Aljeriya, ya biyo baya a cikin wannan shekarar. Matasa da dama daga Maraɗi, Damagaram da Tawa sun bi ta Agadas zuwa waɗannan wurare, wasu da na'urar da dangi suka haɗa kuɗi suka saya, wasu da ta uban gida. Ta biyu ita ce ƴar gajeriyar da masu gadi ke shafawa a jikin mutane a ƙofar banki, otal, tashar mota ko filin taro, wadda ta ƙara yawa bayan hare-haren Bosso da Diffa na watan Fabrairun 2015.

Aikinsu daban, kuɗinsu daban, amma wajen rauni wuri ɗaya suke haɗuwa: makunni, wato abin da ake dannawa ko turawa don kunna na'urar, wanda a Faransanci ake kira interrupteur, a kasuwa kuma buton. Shi ne ɓangaren da yatsa ke taɓawa kullum, shi ne mai motsi, kuma ta kafarsa ƙura ke samun hanyar shiga. Sau da yawa na'urar da aka yanke wa hukuncin mutuwa lafiyarta ƙalau, ɗan ƙarfen da bai kai ƙwayar gyaɗa ba ne ya daina haɗuwa da ɗan'uwansa. Mai zinariyar da bai san haka ba yana iya sayar da na'urar miliyoyin CFA a kan kuɗin banza, ko ya yi kwanaki a mota cikin Tenere don kai ta wurin mai gyara. Mai gadin da bai sani ba kuwa yana iya wuni yana shafa wa jama'a matacciyar roba.

Makunni iri nawa ne

Aikin makunni ɗaya ne: ya haɗa ƙarafa biyu wuta ta wuce, ya raba su wuta ta tsaya. Sai dai akwai bambancin da ya kamata a riƙe tun farko, domin shi ke nuna yadda za a yi gwaji. A wasu na'urori, musamman tsofaffi da masu araha, duk wutar batir ta cikin makunnin take bi. In an kashe shi, an yanke wutar ke nan baki ɗaya. A sababbin na'urori kuma makunnin ba ya ɗaukar wutar batir, saƙo kawai yake aika wa ƴar kwamfutar da ke ciki, ita ce ke kunna sauran sassa. Ana gane irin wannan da cewa danna shi ake yi a saki, ya koma wurinsa da kansa. Wutar da ke ratsa shi kaɗan ce ƙwarai, shi ya sa dattin da ido ba ya gani ma ya isa ya toshe ta.

Ta fuskar siffa, akwai mai ɗan hannun ƙarfe da ake turawa sama ko ƙasa. Irinsa ne jere a gaban akwatin GPX 4500 da GPX 5000 na kamfanin Minelab na ƙasar Ostireliya, na'urorin da suka yi suna a filayen zinariya daga Sudan har zuwa Chadi da Nijar. Akwai wanda ake zamewa gefe ko a danna kai ɗaya ɗayan ya tashi, kamar na na'urorin masu gadi. Akwai ɗan ƙarami mai kusurwa huɗu da ƙafafu huɗu, wanda ke liƙe a kan allon na'ura a ƙarƙashin murfin roba, mai cewa "ƙas" in an danna shi. Akwai na roba zalla mai baƙin ɗigon gawayi a ƙasansa, irin na telekomand ɗin talabijin. Akwai kuma wanda aka haɗa da abin murɗa ƙara, kamar na tsohuwar rediyo, inda murɗawar farko ke kunna na'urar.

Kowanne da irin mutuwarsa. Mai hannu rairayi ke shiga ta gindin hannun ya cinye shi, ko a buge shi a bayan mota ya karye. Ɗan ƙaramin mai ƙafafu huɗu yana da faifan ƙarfe mai doro a ciki, wanda ke gajiya ya lotse ko ya yi tsatsa. Na roba kuwa gumi da maiƙon hannu ke rufe gawayinsa, zafin watan Afrilu da Mayu kuma ya busar da robar har ta tsage.

Kafin a ɗora wa makunni laifi

Nan ne aka fi yin asara, domin alamar mataccen makunni da ta mataccen batir iri ɗaya ce: a danna, shiru. Saboda haka ba a fara kwance na'ura. Batir ake fara canjawa, a sa sabo wanda aka tabbatar da shi a wata na'urar. Sabon pil mai volt 9 na alkalin yakan nuna kusan 9,5 a kan mita. Wanda ya sauka wajen 7 ya gaji, ko da yana iya kunna fitila na ɗan lokaci. Pil mai araha na gawayi da zinc, wanda ya cika kasuwanni, yana iya nuna lamba mai kyau yana ajiye, amma da an ɗora masa aiki sai ya faɗi. Don haka awon da ya fi gaskiya shi ne wanda aka yi batir na cikin na'ura ana ƙoƙarin kunna ta.

Daga nan sai ɗakin batir. A duba ƙarafan da batir ke taɓawa: ko sun lanƙwashe, ko sifirin ɗin ya saki, ko akwai farin gari ko koren tsatsa a kansu. A kan na'urori masu pil na volt 9, ƴan wayoyi biyu, ja da baƙa, da ke fita daga maɓallin batir suna yawan tsinkewa daga cikin rigarsu saboda yawan ja, alhali daga waje babu abin da ya nuna. In aka motsa wayar na'ura ta kama sannan ta ɗauke, an sami mai laifi, kuma ba makunni ba ne.

A kan GPX, batirin lithium ɗin ba a jikin na'ura yake ba. A baya ake goya shi, wata naɗaɗɗiyar waya ce ke kai wuta akwatin. Wannan wayar tana shan ja da lanƙwasa duk wuni, kuma in na'ura na ɗaukewa tana dawowa ana cikin tafiya, ita ya kamata a fara zargi. Hanya mafi sauƙi ita ce a ari wayar abokin aiki da batirinsa na minti biyar. A fili irin na zinariya, inda ake samun na'urori iri ɗaya da yawa, musanya sassa ɗaya bayan ɗaya ya fi kowace mita saurin nuna gaskiya. Sharaɗin kawai shi ne a canja abu ɗaya a lokaci guda. Wanda ya canja batir da waya da faifai a tare, ko na'urar ta tashi bai san abin da ya warkar da ita ba.

Akwai kuma alamomin da ke nuna makunni kai tsaye. Sai an danna da ƙarfi ko an karkata yatsa kafin ta kama. Ƙarar "ƙas" ɗin ta ɓace, maɓallin ya zama laɓo-laɓo. Hannun yana rawa ko ya ƙi tsayawa inda aka sa shi. Na'urar tana kunna kanta a cikin jaka, ko ta ƙi mutuwa sai an cire batir. A kan GPX 4500 da 5000, makunnin da ke bayan akwatin irin na danna ƙasa a saki ne, kuma riƙe shi na ƴan daƙiƙoƙi shi ke buɗe shafin mayar da saiti na asali. In wannan shafin na fitowa ba a neme shi ba, akwai yiwuwar makunnin ne ke maƙalewa a ƙasa. Shi kuma koren maɓallin da ke kan mariƙi, wanda ake kira Quick-Trak, da shi ake daidaita na'ura da irin ƙasar wurin. In ya mutu na'urar na kunnuwa lafiya, sai dai ta yi ta surutu a kan ƙasa mai ma'adinai, har mai ita ya ɗauka faifai ne ya lalace. Siririyar wayarsa ce ta fi tsinkewa, kuma ana sayar da mariƙin da maɓallinsa a haɗe, ana canja shi ba tare da an buɗe akwati ba.

Na'urar masu gadi

Super Scanner V ta kamfanin Garrett na jihar Texas a Amurka, da ɗimbin masu kama da ita da ake ƙerawa a Sin, suna aiki da pil ɗaya na volt 9. Makunnin ta Garrett matsayi uku gare shi: ƙara, kashewa, da jijjiga ba tare da ƙara ba. Fitilunta ma uku ne: kore na nuna tana kunne, ruwan ɗorawa na nuna batir ya yi ƙasa, ja na nuna ta ga ƙarfe. Waɗannan fitilun su ne shaidu. In ta kama a gefen ƙara ta ƙi kamawa a gefen jijjiga, batir ya fita daga zargi, gefe ɗaya na makunni ne ya mutu. In kuwa koren ya kama, jan ma yana haske a kan ƙarfe amma babu jijjiga, to ɗan injin jijjigar ne ko wayarsa.

Akwai wani maɓalli na biyu da ba a cika kula da shi ba, wanda ake riƙewa don rage ƙarfin ji na ɗan lokaci, misali in ana binciken ƙafafun mutum a kan daɓen da ke da rodi a ciki. In wannan ya maƙale, na'urar na kunne, fitilarta kore, tana ma kuka a kan babban ƙarfe, amma ƙaramar wuƙa na iya wucewa. A ƙofar da jama'a ke shiga, wannan lalacewar ta fi mutuwar gaba ɗaya haɗari, domin babu wanda zai lura. Maganinta shi ne gwaji a farkon kowane aiki da abu ɗaya da ba a canjawa, makulli ko tsabar dala ashirin, a tazarar da aka saba.

Awo da mita

In zargi ya tsaya a kan makunni, sai a cire batir tukuna. Ba a aiki a kan na'urar da ke caji, ko daga wutar Nigelec ce, ko daga batirin mota, ko daga faifan hasken rana. A shimfiɗa farin ƙyalle a wurin da iska ba ta kaɗawa, a sami turnabis daidai da kan ƙusoshin, domin wanda bai dace ba cinye kan yake yi. A jera ƙusoshin yadda aka ciro su, tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma doguwa a ramin gajeriya na iya huda allo. Wasu na ɓoye a ƙarƙashin takardar suna ko ƙafar roba. In murfi ya ƙi buɗewa, galibi akwai wadda ba a gani ba, ba ƙarfi yake so ba. Da an buɗe, kafin a taɓa komai, a ɗauki hoto da wayar salula ta yadda launin kowace waya da wurin da take zai fito.

Lokacin hunturu akwai ƙarin hattara. Tartsatsin nan da bargo ke yi da dare in iska ta bushe, irinsa ne ke taruwa a jikin mutum, kuma ya isa ya kashe ƙananan sassan da ke kan allo ba tare da an ji komai ba. A taɓa ƙofar ƙarfe ko famfo kafin a fara, a riƙe allon ta gefensa.

Mitar awon lantarki, multimetir, ana sa ta a wurin da take yin ƙara in an haɗa tsinkunanta biyu. A ɗora tsinkunan a ƙafafun makunni. Lafiyayye na ƙarfe yana shiru in yana kashe, yana ƙara in an kunna, lambar kuma ba ta kai ohm 1 ba. In lambar na hawa tana sauka, yanzu 5 an jima 60, ko sai an matsa take ƙara, cikinsa ya yi datti. In babu ƙara ko kaɗan, ya mutu. In ƙarar ba ta tsayawa ko an saki, ya maƙale. Ɗan ƙaramin mai ƙafafu huɗu yana ruɗa sabon shiga, domin ƙafafunsa biyu-biyu a haɗe suke daga ciki, mita za ta yi ƙara a kansu ko ba a danna ba. A auna shi a karkace, daga ƙafar kusurwa ɗaya zuwa ta kusurwar da ke fuskantarta, ba za a yi kuskure ba. Na roba mai gawayi kuma ba ya sauka zuwa sifili ko yana sabo, gomomin ohm ko ɗaruruwa a wurinsa ba ciwo ba ne.

Wanda ba shi da mita yana iya mayar da batir, ya taɓa ƙafafun makunnin biyu da hantsaki na daƙiƙa ɗaya. In na'ura ta tashi, makunni ne. Amma hantsakin da ya zame ya taɓa wani wuri na iya jawo asarar da ta fi ta farko, saboda haka wannan sai mai natsattsen hannu. Kafin a rufe maganar awo, a duba liƙin dalmar da ke riƙe da ƙafafun. Yawan dannawa da girgizar hanya na tsaga shi, a ga siririn zobe kewaye da ƙafa. A nan makunnin lafiya lau yake, sake narka dalmar kawai ake yi.

Wanki

Makunnin da ke kamawa wani lokaci ya ƙi wani lokaci, wanki yakan ishe shi. Abin da ya fi dacewa shi ne ruwan feshi na wanke mahaɗar lantarki da masu sayar da kayan gyaran rediyo da salula ke da shi, ko alkol mai ƙarfi, daga digiri 90 zuwa sama. Alkol mai digiri 70 na farmasi yana da ruwa da yawa, in shi kaɗai aka samu sai a ba shi lokaci ya bushe sosai. A fara kaɗe ƙurar da buroshin haƙori busasshe, a ɗiga alkol ta kafar makunnin, a danna ko a tura shi sau talatin zuwa hamsin, a sake ɗigawa, a bari ya bushe, sannan a sake aunawa. Na roba cire shi ake yi, a goge baƙin ɗigon da zanen da ke kan allo da auduga a kan tsinke, a hankali, domin gawayin siriri ne. In ya riga ya goge, masu gyaran telekomand kan liƙa ɗan yankin takardar alminiyam a wurin. Yana aiki, amma in ya ɓalle ya yi yawo a cikin akwati zai haɗa abin da bai kamata ya haɗu ba.

Abubuwan da ke kusa da hannu a fili su ne suka fi ɓarna. Fetur da tina na cin roba. Man inji, man birki da man kwance tsatsa na sa makunni ya yi laushi kwana biyu, daga nan su tara ƙura su zama taɓo. Takardar yashi da bakin reza kuma na kankare siririn rufin azurfa, a wasu ma zinariya, da ke kare ƙarafan ciki daga tsatsa. Mai neman zinariya da ya kankare makunninsa ya zubar da ita da hannunsa, kuma cikin ƴan makonni matsalar za ta dawo fiye da da.

In batir ya yi yoyo, irinsa ke nuna magani. Farin garin pil na alkalin da ɗigon ruwan lemun tsami ko binegar ake kashe shi. Yoyon pil na gawayi da zinc mai tsami ne, shi kuma bikarbonat da aka dama da ɗan ruwa ke kashe shi. Bayan kowanne a bi da alkol a busar. Kada garin ya shiga ido, a wanke hannu bayan an gama.

Canja makunni

In wanki bai yi ba, ko abin ya karye, sai canji. Dokar ita ce sabon ya zama irin tsohon ta kowace fuska, ba kamar waje kawai ba. A ƙirga ƙafafu: biyu, uku ko shida. A ƙirga matsayi: biyu ko uku. A duba ko yana tsayawa inda aka tura shi ko komawa yake yi. Makunnai biyu masu ƙafa shida da matsayi uku na iya zama tagwaye a ido, amma a matsayin tsakiya ɗaya ya yanke komai, ɗaya ya haɗa wasu ƙafafun. Wanda aka sa ba daidai ba, na'urar za ta kunnu amma saitinta ya rikice, kuma irin wannan ba ya nuna kansa sai an lura an daina samun abin da ake samu a da. Saboda haka a tafi kasuwa da tsohon a hannu, a auna sabon da mita a kowane matsayi kafin a liƙa shi. Ɗan ƙaramin mai ƙafafu huɗu ya fi sauƙin samu. Wanda ya fi yawa milimita 6 ne a kowane gefe, sai dai tsayin kansa ya bambanta, kuma ana samunsa a gaban matattun dikoda, rediyon mota da na'urar DVD. Gajere ba zai kai ga murfin roba ba, dogo kuma zai zauna a danne.

Ƙarfen narka dalma, wato fer à souder, mai wat 25 zuwa 40 da siririn baki ya isa. Dalma mai kaso 60 da 40 tana narkewa wajen digiri 190, wadda ba ta da gubar darma, da sababbin na'urori ke zuwa da ita, sai wajen 220, shi ya sa ɗora ɗan sabuwar dalma a kan tsohon liƙi ke sa ya saki da wuri. A yi amfani da wayar dalma mai ƙaro a cikinta. Ruwan asid da masu liƙin radiyeto da bokiti ke amfani da shi ba ya kusantar allo, domin cin jan ƙarfe yake yi a hankali har wata da watanni. Kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu a kan ƙafa ɗaya. Zafi mai yawa na narka cikin sabon makunni, ya kuma ɗaga siririn zanen jan ƙarfen da ke kan allo. Dabara mai kyau ita ce a yanke ƙafafun tsohon da ɗan almakashin waya, a cire jikinsa, sannan a zare ƙafafun ɗaya-ɗaya. Tsohon ya riga ya mutu, allon ake ceto. Liƙi mai kyau sumul yake, ya rungumi ƙafar, ba dunƙule kamar kashin akuya ba. In makunnin na waya ne, a mayar da kowace waya bisa hoton da aka ɗauka, a rufe mahaɗar, a tabbatar murfi bai danne ko ɗaya ba wajen rufewa.

A daji, inda babu sabo, akwai dabarar wucin gadi, amma ga makunnin da wutar batir ke bi ta cikinsa kawai: a haɗa wayoyinsa biyu a naɗe da salatif, kashewa kuma ta koma cire batir. Ga na danna a saki wannan ba ya yi, domin na'urar za ta ɗauka an riƙe maɓallin har abada, ta yi ta kunnuwa tana mutuwa ko ta goge saitinta. Abin da ake yi shi ne a fito da wayoyi biyu waje a sa masu kowane irin maɓallin danna a saki. Gam mai saurin kamawa kuwa ba shi da wuri kusa da makunni, kwarara yake yi ciki ya daskarar da shi.

Inda ya kamata a dakata

Na'urar da ke da garanti, buɗe ta na soke shi, kuma a kan mai tsada wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ƴan ƙananan na'urorin tono masu kama da tocila, irin su Pro-Pointer AT ta Garrett, a rufe suke don kada ruwa ya shiga. A kansu murfin robar maɓalli ne ke fara tsagewa, kuma gara a canja shi da wuri da a jira rairayi ya kai ciki. Akwatin GPX a cushe yake, wanda bai taɓa irin aikin ba garin neman gira zai rasa ido. Gwanin gyaran salula ko rediyon mota, mai kayan aiki da hasken kirki, ya fi mai ƙarfin hali. Fakitin batirin lithium ba a buɗe shi, in ya kumbura ko yana zafi ba dalili a ajiye shi nesa da tanti da fetur.

Sai maganar jabu. Minelab ya sha yin gargaɗi a kan GPX na ƙarya da suka cika kasuwannin Afirka. Makunnan irin waɗannan sukan mutu da wuri, kuma canja su abu ne mai sauƙi, amma sabon makunni ba ya ƙara wa jabu zurfin gani. Mai saye a hannu na biyu ya duba kan ƙusoshin akwati: in sun ci, an taɓa buɗe ta, yana da haƙƙin tambayar abin da aka yi a ciki. Na'urar gano nakiya kuwa, wadda ƙwararru ke aiki da ita a sassan arewa inda aka binne nakiyoyi, ba ta cikin wannan bayanin ko kaɗan, kuma na'urar zinariya, gyararriya ko sabuwa, ba ta maye gurbinta.

Bayan an rufe, a kunna a kashe sau ashirin, a girgiza na'urar tana kunne a ga ko za ta ɗauke. A gwada kowane matsayi na kowane makunni, ba wanda aka gyara kaɗai ba. Sannan a yi gwajin tazara nesa da mota da kwanon rufi: a wuce da tsabar kuɗi a gaban faifai, a auna nisan da take jinta, a kwatanta da wata na'ura irinta mai saiti ɗaya. Masu hannun ƙarfe akwai ƴar hular roba da ake murɗa masu don tare ƙura, akwatin kuma rigar yadi ko ta fata na rage abin da ke shiga. Na'urar da za a ajiye fiye da mako biyu a cire mata pil, a sa ta a inuwa, ba a cikin rufaffiyar mota da rana ba.